Tufkar Hagu a Ɗakin Gwaggo

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, kowa da ranar da aka rubuta masa. Ranar Gwaggo ta zo da hantsin wata Talata, tsakiyar damina, a ɗakinta da ke gidanmu na Gummi. Ni ina Anka, inda aka tura ni koyarwa bayan na gama makarantar horon malamai. Wani direban motar kasuwa, ɗan unguwarmu, shi ya tsaya a bakin makaranta ya sa aka kira ni. Da na ga ya cire hula yana juya ta a hannu, na san ba alheri ya kawo ba. Kafin in sami mota, kafin motar ta gama faɗawa ramukan hanya tana fita, an riga an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba, kuma abin yana ci mini rai har yanzu.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Ta yi aure a Bukkuyum, ta haifi uku, Allah bai bar mata ko ɗaya ba. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidan ƙanenta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya, ta zauna a cikinsa tun kafin a haife ni. Saboda haka a hanya nake ta tunanin zaman makokin ba zai tara jama'a ba, tunda an saba cewa mai 'ya'ya shi ke cika gida ranar mutuwa. Ashe ban san kome ba. Na tarar da zaure ya cika, an shimfiɗa tabarmi har gindin dogon yaron ƙofar gida, yawancin mutanen kuwa samari ne da magidanta waɗanda ba dangin iya ba na baba.

Waɗanda suka tashi a unguwar sukan shigo cikin gida su durƙusa su yi wa Inna, mahaifiyata, gaisuwa. Direban nan da ya kai mini saƙo yana cikinsu. Ya dubi ƙofar ɗakin Gwaggo ya ce, "Inna, motar hwarko da nit tuƙa nan anka ƙera ta. Ta kara ta, tayunta na sakaina." Ya so ya yi dariya, sai dariyar ta ƙi. Ƙato guda, ga gemu, ya ja gefen riga yana share ido. Wani tela ya zo daga Bukkuyum, ɗan ƙanen mijinta, ya ce ita ta fara riƙe masa hannu ya zura zare a allura. Ranar uku wata Bafulatana ta iso. Da can takan kawo nono unguwarmu, daga baya rugarsu ta koma wajen Gwashi, a kasuwa ta ji labari. Ta sauke ƙwarya a tsakar gida, ba ta gai da kowa ba, ta wuce ƙofar ɗakin ta tsaya tana cewa, "Gwaggo, wa za ya buɗe muna in ruwa ya tare mu?"

Inna, wadda ta fi shekara ashirin tana cacar baki da Gwaggo, ita ta fi kowa kuka. Baba kuwa bai yi kuka a gaban mutane ba. Da na durƙusa gabansa, abin da ya ce kawai shi ne, "Kin iso? Yaya ta tahi." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Wanda bai bar ɗa ba, saurin manta shi ake yi. Shekara biyu, uku, sai a ce, "Wace Gwaggo?" Wannan tsoron ne ya sa na ɗauki takarda. Ba tarihinta zan ba da ba, don ban san rabinsa ba. Abin da na gani da idona zan faɗa, yawancinsa kuma a cikin ɗaki ɗaya ya faru, ana ruwa.

A garinmu damina ba wasa ba ce. In hadari ya haɗo daga gabas, kafin ka kwashe shanya ruwa ya sauko, lunguna su zama rafi, duk su nufi gulbi. Mu kuma yara ba abin da muke so irin mu tuɓe mu faɗa ciki. Gwaggo ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. Da iska ta fara kaɗa asabarin ƙofarta za ka ji muryarta har gida uku: "Ku shigo ɗaka, ɗiyan banza! Gulbi bai san ɗan kowa ba!" Sai mu yi ta tururuwa, na gida da na maƙwabta, wani da wando wani babu, mu cika ɗakin har kan gadonta. Wanda ruwa ya tare a hanya ma, babba ko yaro, in ya raɓe a ƙofarta sai ta ce ya shigo.

Amma shiga ɗakin yana da doka ɗaya, kuma ba ta ɗaga wa kowa ita: wanda ya shigo ana ruwa, hannunsa ba ya zama banza. "Hannun da ba shi da aiki," in ji ta, "tsokana shika nema." Ta san mu sarai. In aka bar mu haka nan, kafin tsawa ta biyu wani ya mintsini wani.

Kayan aikin tun da rani take tara su, lokacin da ba wanda ke tunanin ruwa. Bayan an yanke dawa takan bi gonaki ta zaɓi kara miƙaƙƙe, ta ɗaure dami biyu, ta ɗora a kan duwatsu bayan gadonta saboda gara. Tana da kaba, wata fara wata rinanniya da karan dafi, tana da rama jiƙaƙƙiya busasshiya don tufka, da yumɓu a cikin fasasshen tulu, da tarin sakaina. In ƙwarya ta fashe a gidan wani, maimakon a zubar sai a ce a kai wa Gwaggo. Reza kuwa guda ɗaya ce, a ƙulle a bakin ɗankwalinta, ita kaɗai ke taɓa ta.

Wannan karan shi ne tushen faɗansu da Inna. Da damina itace jiƙe yake, wuta ba ta kamawa, ga kuma busasshen kara dami biyu a ɗakin Gwaggo. Inna takan faki idonta ta zari uku ko huɗu ta hura wuta. Gwaggo kuma ta san karan nata kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Sai ta fito ta tsaya a bakin murhu, hannu a ƙugu.

"Amarya," haka take kiran Inna har ta mutu, ko da yake Inna ta aurar da 'ya'ya, "kin san abin da kinka cusa ƙarƙashin tukunyag ga? Motoci ukku na da rediyo guda."

Inna ta ce, "Yaya, yaran ga rediyo za su ci ko tuwo?"

"Tuwon da anka dahwa da kayan sata, Allah shi sa shi yi gudaji."

Daga nan sai su yi kwana ɗaya ba sa magana, washegari ka gan su a tabarma ɗaya suna tsinar shinkafa.

A cikin ɗakin kowa da sashensa. Maza su fere ɓawon kara, su yayyanka totuwar ciki, su riƙa soka siraran ɓawon a cikinta kamar ƙusa, har a tayar da babbar mota mai bodi da wurin zaman direba. Tayu kuma sakaina ce ake gogawa a dutse har ta zama da'ira. Wasu su yi tabarau, su maƙala a hanci suna kwaikwayon malamin asibiti. Ƙanana su dama yumɓu su gina shanu masu tozo, a kafa musu ƙaya a matsayin ƙaho, a jera kusa da kaskon wuta don rana ba ta da tabbas. Mu mata mu kama saƙar faifai ko mu yi 'yar tsana. Ruwa na dukan rufi, indararo na zuba, ɗakin ya yi duhu-duhu, ba ka jin kome sai ƙarar fere kara da gardamar wa ya ɗauki totuwar wa. Ɓawon kara yana yanka kamar wuƙa, kusan kullum sai wani ya yi jini. Sai Gwaggo ta kama yatsan ta tsotse, ta ɗaure da tsumma, ta ce, "Ba ka mutuwa. Koma ga aikinka."

Ba ta iya yabo ba, ko kuma ba ta so. Ka kawo mata saniyar da ka ɓata rabin yini kana ginawa, ta kai ta bakin ƙofa wajen haske, ta juya ta, ta ce, "Wagga saniya ta, ko kare na yas sha kashi?" Kowa ya fashe da dariya, mai saniya ya turo baki. Amma gobe in ka shigo sai ka tarar da karen naka a kan jeren kwanoninta, wurin da ko ƙuda ba ta bari ya sauka. Mu duka mun gane wannan shi ne yabon.

To, ni a wannan taron ina da matsalar da ba wanda ke da ita. Ni bahaguwa ce. Tun ina rarrafe da hagu nake kai hannu, kuma kowa ya san yadda ake kallon hagu a wurinmu: hannun tsarki ne, ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi. Inna ta ɗaure mini shi da ɗankwali lokacin cin tuwo har na koyi ci da dama. Amma da aka sa mu firamare, shekarun nan da aka kwashi yara birni da ƙauye, sai sabon tashin hankali ya zo. Malaminmu in ya ga fensir a hagu sai rula ta sauka a bayan hannu. In na mayar dama kuma, baƙaƙen su hau juna, layi ya gangara kamar mai neman rijiya. A karatu ba wanda ya fi ni a ajin. A rubutu ni ce ta ƙarshe.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin wani baƙo ne, abokin cinikin shinkafar Baba daga Anka. Aka ce in kai masa ruwa zaure. Na durƙusa yadda aka koya mini, na miƙa moɗa, ashe da hagu. Mutumin bai karɓa ba. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, ɗiyag ga taka ba ta san dama ba?" Garin in sauya hannu na zubar masa da ruwan a riga. A makon nan kuma malaminmu ya haɗu da Baba a masallaci ya ce masa rubutuna ya ƙi gyaruwa. Baba ba mugu ba ne, amma mutum ne mai tsananin gudun abin kunya. Ya tara ni da Inna ya ce, "In anka yanke shinkahwa hannun ga bai miƙe ba, ta bar makaranta. Ta zamna gida ta koyi ladabi." Baba in ya faɗi magana ba ya maimaitawa. Ina da shekara takwas ko tara, kuma ba abin da nake so a duniya kamar makarantar nan. Daga ranar na fara kallon gonakin fadama da tsoro, duk tsawon da shinkafa ta ƙara sai gabana ya faɗi.

Na koma ɓoye hannun a cikin zane, ko a ɗakin Gwaggo. Ina saƙa da dama, kaba na zamewa, faifaina ya karkace kamar an zauna a kansa. Wata rana ana ruwa ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke, hiddo hannun can. Sato shi kinka yi?" Na fito da shi. Ta ce in taso daga gefenta inda sauran 'yan mata ke jere. Na ɗauka kora ta za ta yi. "Ba can ba, nan gabana. Zamna ki dube ni awa kina duba madubi." Na zauna muna fuskantar juna, gwiwa da gwiwa. Ta ɗaga damarta da basilla, sai ga shi hannun nawa da ke daidai da shi hagu ne. Ta soka, na soka. Ta ja kaba, na ja. Abin da na yi wata biyu ina fama da shi ya zo mini cikin sauƙi, har na ji kunya. Ita ba bahaguwa ba ce, ba ta kuma taɓa shiga aji ba, ban san inda ta samo wannan dabara ba. Ni da na yi shekaru a makarantar horon malamai ba a koya mini ita ba. Yanzu in ruwa ya hana mu jin juna a ajina na rufin kwano, nakan rufe littafi in fito da kara da kaba, sai dai abin ya juye: ajin duka ke zama gabana, bahagwai biyu a gefena.

Kada a ɗauka ta sake mini ne gaba ɗaya. A kan ladabi ta fi Baba tsanani. "Tuwo da dama, gaisuwa da dama, allo da dama. Wanga ba ni da ja." Ta saƙa mini ɗan warwaro na jar kaba ta sa mini a hannun dama, ta ce mai jan abin nan shi ke karɓa, shi ke miƙawa. Ta riƙa aikena in ɗauko mata goro, in ɗauko magogi, in miƙo ludayi, sau goma a yini, in na miƙa da hagu ta kau da kai kamar ba ta gan ni ba. Kafin warwaron ya tsinke na daina kuskure.

Asirinmu ya tonu ne ta wajen igiya. Yayana yana tufka da rama a cinyarsa, aka kira shi, ya ce in riƙe masa kada ta kwance. Ni kuma hannu ya saba, sai na ci gaba da murzawa da hagu. Ina murzawa, abin da ya tufka yana buɗewa. Da ya dawo ya tarar da igiyarsa ta koma zare biyu daga inda ya bari. Ya kwarma ihu, "Gwaggo, bahaguwa ta warware min igiya!" Yara suka ɗauka da waƙa, tufka da warwara, tufka da warwara. Na fara kuka. Gwaggo ta karɓi igiyar ta duba a bakin ƙofa, ta ce, "Ba ɓarna tay yi ba. Murɗinka nan shika zuwa, nata can. Ba a haɗa su. Ke, amshi rama ki hwara taki tun daga kai." Na tufka tawa ni kaɗai, kamu biyu. Ta ɗaura tawa da wata ta Yayana a ƙafar gado, ta sa maza uku su ja kowace. Gadon ne ya taso, igiya ba wadda ta tsinke. Yayana bai ji daɗin haka ba, kuma da yamma ya kai wa Baba labari, har da cewa Gwaggo ce ke sa ni aiki da hagu.

Bayan la'asar Baba ya shigo ya tsaya a ƙofarta. Ban taɓa ganin ya yi mata magana a tsaye ba sai ranar.

"Yaya, ashe ina tuhka kina warwara? Ni ina ɗaure hannu, ke kina kwancewa?"

Tana zaune tana goga goro, ba ta ɗago ba. "Wanda yay yi hannun shi za ka tambaya, ba ni ba."

"Yarinyag ga ta ba ni kunya gaban baƙo."

"Aike ta yanzu ka gani in ta sake. Abin da ar rage rubutu na, kuma takarda ba ta san dama da hagu ba."

Nan fa ran Baba ya ɓaci. Ya ce, "Ɗiyata ta, Yaya, ba taki ba. Da kina da taki..." Sai ya tsaya. Amma maganar ta riga ta fita. Inna tana tuƙa tuwo, muciya ta tsaya cak a hannunta. Gwaggo ta ajiye magogi a hankali ta ce, "Gaskiya kah hwaɗi." Ta miƙe ta saki asabari.

Kwana uku asabarin nan bai ɗagu ba sai in za ta yi alwala. Akushin da Inna ta kai haka yake dawowa. Aka yi ruwa sau biyu, ba wanda ya kira mu. Muka cunkushe a ɗakin Inna muna faɗa, 'ya'yan maƙwabta suka faɗa ruwan lungu, ɗaya ya taka fasasshiyar kwalba aka kai shi asibiti. Ni kuwa gani nake duk ni na jawo. Na zauna da fensir a dama ina cika takarda har yatsuna suka kumbura, rubutun yana nan yadda yake. Rana ta uku Inna ta leƙa ta ga Gwaggo tana ɗaure kwanoninta a zane. Na ji ta tare Baba tana cewa, "Malam, in Yaya ta koma Bukkuyum da maganag ga cikin ranta, ba ka da bakin da za ka yi ma mutane bayani." Ya saɓa fartanya ya fita.

Washegari da hantsi aka yi wani hadari baƙi ƙirin. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sai ga Baba ya dawo daga fadama jiƙe sharkaf. Bai shiga ɗakinsa ba. Ya wuce ƙofar Gwaggo ya tsuguna cikin ruwan, ya yi sallama sau uku. Mu muna leƙe daga ɗakin Inna.

"Wa a nan?"

"Ni na, Yaya."

Ta ce, "Shigo, kada ruwa shi kashe mai ɗiya." Ta ɗaga asabari, ta hango kawunanmu. "Ku ma da kunka laɓe, ku taho." Muka kwasa da gudu, har da Inna a bayanmu.

Baba ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya fara cewa, "Yaya, bakina na yas..." Ta katse shi. "Ka san dokar ɗakin ga." Ta jefa masa damin rama. Ya yi ɗan murmushi, ya naɗe ƙafar wando, ya fara murzawa a cinya. Baba gwanin tufka ne, duk igiyar gidanmu, ta guga da ta jaki, shi ke yi.

Ta ce, "Da hagu."

Ya ɗago ya dube ta.

"Kamu guda nika so. In ka tuhka kamu guda da hagu kahin ruwan ga shi ɗauke, ni da kaina za ni ɗaure mata hannu, kuma ba ka ƙara jin bakina."

Makarantata ce fa ta ɗora a kan cinyar gwanin tufka, ba ta ko shawarce ni ba. Na dube ta, ita kuwa ta ɗauko goronta ta ci gaba da gogawa.

Baba ya mayar da rama cinyar hagu. Ya murza, zaren ya zame. Ya tofa yawu a tafi ya sake, ɗaya ya murɗe ɗaya ya ƙi. Ya gyara zama. Ya juya ta nan, ya juya ta can, hannun damansa na ta tasowa da kansa zai karɓi aiki, yana mayar da shi. Ba wanda ya yi motsi a ɗakin. Mun cije leɓe, don ba a yi wa Baba dariya. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, shi ma ya ƙi haƙura, kuma can sai na ga igiya ta fara fitowa. Taƙi ɗaya, sannan ɗaya da rabi, duk ƙulle-ƙulle, amma igiya ce. Na runtse ido ina karanta duk addu'ar da na iya. Gwaggo ta miƙa hannu ta kama bakin igiyar da yatsu biyu ta ɗan ja. Ta buɗe gaba ɗaya ta koma rama. Autanmu, wanda bai san tsoro ba tukuna, ya ƙyalƙyale da dariya.

Baba ya dubi ramar, ya dubi tafinsa da ya yi ja. Mutumin da ya shigo yana rawar sanyi, ga shi gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya ce, "Yaya, hannun ga ba shi jin magana."

Ta ce, "Kai ka gaji tun ruwa guda bai ɗauke ba. Ita damina biyu ke nan."

Ya ajiye ramar. Sannan ya juyo gare ni ya ce in ɗauko littafina da fensir. Na ratsa ruwa na ɗauko a ƙarƙashin zane. Ya ce, "Rubuta da wanda kika so." Na rubuta layi uku da hagu. Baba bai iya boko ba, ajami kawai yake karantawa, amma ya san miƙaƙƙen abu in ya gan shi. Ya buɗe shafin baya, na dama, ya gwada su kusa da juna a bakin ƙofa. Ya ce, "Ashe wanga ya san hanya." Ya rufe littafin ya miƙo mini, na karɓa da dama, na ga ya lura. "Ci da gaisuwa da allo, dama. Takardar boko, ki yi da abin da Allah yab ba ki. Gobe ni ka zuwa wurin malaminku da kaina."

Ya juya ga Gwaggo zai sake ɗauko ban haƙuri, ta ɗaga masa hannu. "Na yahe tun da kat tsuguna cikin ruwa. Amma ka sani, ɗiyan ga duka nawa na in ana ruwa. In rana ta hito ka amshi abinka." Inna ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta tafi ta ɗumamo tuwo. Ranar nan Gwaggo ta ci, har ta ce ya yi gudaji.

Baba ya cika alkawari. Ban san abin da ya faɗa wa malaminmu ba, amma rula ba ta ƙara sauka a hannuna ba. Aka yanke shinkafa ina aji, aka sake yankewa ina aji, har na gama.

Jiya, kwana bakwai da rasuwarta, ina zaune a bakin rijiya da takardun nan a cinya, Baba ya zo wucewa. Ya tsufa sosai a makon nan. Ya tambaye ni abin da nake rubutawa, na ce labarin Gwaggo ne, kuma akwai wurin da nake so in tsallake. Ya gane wurin ba tare da na faɗa ba. Ya dafa bango ya ce, "Kada ki tsallake. Sa har da abin da nic ce mata. In ba a san abin da tay yahe ba, ba a san ko wace ce ba."

Na sa, Baba. Na rubuta shi duka da hannun da ta ƙwato mini.

Ya Allah, baiwarka ta zo gare ka ba ta bar ɗa ba, amma ta bar mu. Ka yafe mata kamar yadda ta yafe, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da ukun nan da suka riga ta. Wanda duk ya taɓa fakewa a ɗakinta, in wannan takarda ta iso gare shi, ya ce amin.